Babanki Bai Zaɓa Ba Tukuna

Muchia, Sabon Gari, Zariya
4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Jemimah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya zaman Kampala? Ina fata ciwon cikin nan ya sake ki. Mu nan muna lafiya, sai zafi da ya fara, sai kuma tarin babanki da ya ƙi tafiya tun Kirsimeti.

Da hannu na rubuta, Clara maƙwabciyarmu za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki, don tunda kika kawo maganar nan wayata ta zama ta babanki. Kin ce za ki tara hutunki na bana ki kai shi daji a watan Yuli ya ga gwaggon biri da idonsa, ya zaɓi wanda yake so. To, kin ja mini aiki. Mutumin da ya tsufa yana zana birai a allo a makarantar Samaru bai taɓa ganin ko ɗaya a daji ba, yanzu ni ce ɗalibarsa, ko ina tuƙa tuwo sai na ji darasi.

Ni duk gwaggon biri ne a wurina, amma ya ce kada in ba shi kunya. Gorila shi ne babban, yana kan tsaunuka, sai an hau da jagora cikin taɓo da sanyi, idan an same su kuma awa ɗaya ake ba mutum. Amma wai zama suke yi wuri guda, uba da matansa da 'ya'ya, suna ci suna kallonka. Cimpanzi dajinsu ba tudu sosai, sai dai ba sa tsayawa, ihu suke suna gudu ta saman itatuwa, mutum na bin su wuya a ɗage. Na ce wannan ai ina ganinsu kullum a tashar mota. Bai yi dariya ba.

Shi dai gorila ransa yake so. Ya ce wanda ya hau dutsen Kufena da ɗalibai kowace shekara ba tsaunin da zai tsorata shi. Abu ɗaya ke damunsa: jagorori ba sa barin mai tari ko mura ya je kusa da su, domin cutar ɗan Adam tana kama su ta kashe su. Shi da kansa ya yarda dokar daidai ce. Albarkacin birai dai, ya amince zai je asibiti, abin da na yi ta roƙonsa ya ƙi.

Ki bar ni in faɗa miki wani abu. Tun da kika tafi ba da son ransa ba, hirarku ta waya ba ta wuce ina wuni, sai ya miƙo mini ya ce ga mamarki. Yanzu ina jin ku kullum da yamma kuna gardama har shayinsa ya huce. Ranar farko sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

'Yan Zumuntar Mata suna gaishe ki. Ki riƙa cin abinci.

Mamarki,
Martina Sati

Muchia
19 ga Afrilu

Jemimah 'yata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya kika yi Ista? Ya jikinki, ya abokan aiki? Allah ya ƙara tsare ki.

Na san babanki ya riga ya ba ki labarin zuwanmu asibitin Shika ta waya: an yi hoton ƙirji, an yi gwaje-gwaje, likita ya ce tarin ba irin wanda ake ɗauka ba ne. Da kin gan shi a ranar. Ya kama hannun likita yana girgizawa, yana cewa ke nan jagorori ba za su mayar da shi ba, har ya roƙa a rubuta masa shaida. Likitan ya dube ni, na dubi ƙasa. A hanyar dawowa ya sa muka sauka a Samaru, ya buga sababbin hotunan birai a shagunan bakin jami'a, ya manna su a falo kusa da kalandar coci.

Kin tambaye ni me ya sa ya sauya ra'ayi daga gorila. Ya fara gwada ƙafarsa ne daga gida zuwa kasuwar Sabon Gari, yana cewa atisaye yake. Da farko yana kaiwa. Daga baya sai ya riƙa zama a bencin mai gyaran takalmi, kwanan nan kuwa a Keke Napep ya dawo, ya ce rana ce ta yi yawa. Da kika gaya masa akwai matasan da ke ɗaukar marasa ƙarfi a kan shimfiɗa su hau da su tsaunin, ya amsa miki da wasa, amma da ya ajiye waya ya ce da ni ba za a ɗauke shi a kafaɗa ba da ransa. Shi ya sa ya koma yabon cimpanzi, wai sun fi wayo, sun fi kusa da mu, dajinsu kuma a shimfiɗe yake.

Yanzu kuma ga na uku ya shigo, orangutan, jan nan mai dogayen hannaye na can ƙasar Indonesiya. Ya ce shi a jirgin ruwa ake bin kogi, mutum na zaune ana tafiya da shi, tafiyar ƙafa kaɗan ce. Na ce masa Malam, ƙasar da ko Jemimah sai ta kwana a jirgin sama kafin ta kai? Ya ce ai kwatantawa kawai yake yi. Abin da ya fi taɓa shi, wai uwar takan riƙe ɗanta shekara bakwai ko takwas tana koya masa daji, daga nan ya tafi, ita ta ci gaba da zamanta ita kaɗai.

Kin ce in matsa masa ya zaɓa, don takardar shiga daji sai an kama da wuri. Na gaya masa. Amma 'yata, kada ki yi gaggawar kama komai. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma wandunansa duk na rage musu ƙugu.

Ki sa mu a addu'a. Clara tana gaishe ki.

Mamarki,
Martina

Muchia
27 ga Mayu

'Yata Jemimah,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Ina fata kina lafiya, kuma ina fata kina zaune ne yayin da kike karanta wannan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon dajin huhu ne ke jikin babanki, kuma ya yi nisa. Abin da likita yake nufi ke nan da ya ce ba a ɗauka. Na zaci bai gane ba a ranar, saboda murnar da ya yi, ashe ya riga ni ganewa, malamin ilimin halittu ne fa. Ya yi murnar ne domin ya samu abin da zai faɗa miki wanda ba ƙarya ba. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya miki ba, ya ce za ki watsar da aikinki ki taho. Yau na karya alkawarin, kuma zan tsaya a gaban Allah a kan haka.

Makon jiya raina ya ɓaci, na ce masa ya ji tsoron Allah ya daina wahalar da yarinya da gorila yau, cimpanzi gobe, alhali ko bakin ƙofa ba ya kaiwa sai da dafa bango. Sai ya dube ni ya ce, "Martina, in na zaɓa, magana ta ƙare. Me kuma za ta kira ni ta ce?"

Wannan ne duk abin da ke ciki. Ba gorila yake jira ba, ba jan birin nan ba. Ya san ba inda za shi. Yana tsoron ranar da za ku koma ina wuni da ga mamarki, ya gwammace ya mutu kuna cikin gardama. Ku biyu halinku ɗaya, ba wanda ya iya cewa ina kewarka, sai da kuka nemo birai suka shiga tsakani. Ina jin haushinku, ina kuma tausayinku.

Hutun da kike tarawa don Yuli, ki karɓe shi yanzu. Likita bai ba ni tabbacin Yuli ba. Ki taho gida, ba sai kin riƙo tsaraba ba.

Kafin ki iso, roƙo ɗaya nake yi miki. In kin kira yau da yamma, ki yi kukanki ki gama tukuna, ki wanke fuska. Kada ki ce masa ya zaɓa. Ki ce ke har yanzu gorila kika fi so, ki taurare a kai yadda kika saba, ki bar shi ya kayar da ke. Muryar nan mai ƙarfi da kike ji ta waya, ki san yadda ake samunta: tun safe ba ya magana da kowa, ko ruwa yake so da hannu yake nuna mini, yana tara numfashinsa ne don kiranki. Yanzu haka yana kwance a falo, wayar tana kan ƙirjinsa.

Allah ya kawo ki lafiya, ya kawo ki da wuri.

Mamarki,
Martina Sati