Idon da Nake Ajiyewa Don Kogo

Litinin, 3 ga Yuli

Vukota ya zo da tsaraba. Mijin 'yata Milica, mai shagon tabarau a Nikšić, mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba. Ya dire min wani tabarau ruwan ɗorawa a tebur, mai roba a gefe irin na masu walda. Wai, "Baba, wannan zai fi muku a hanyar nan taku mai bi ta kogon dutse, baƙin tabarau ɗin nan naku cinye muku haske yake yi." Baƙin tabarau ɗina a Trieste na saye shi, tun uwar Vukota na goye da shi. Na ce ya kwashe abinsa ya kai wa 'yan rawa. Bai kwashe ba. Ya sha gahawata, ya cinye rabin cukun matata Jelka, ya tafi.

Laraba, 5 ga Yuli

Jelka ta ɗora tabarau ɗin a kan firji, inda dole sai na gan shi. Matar mutum ke nan.

Asabar, 8 ga Yuli

Kasuwar Plužine, ni da Jelka da bokiti biyu na cuku a babur. Titi ya ratsa ta cikin kogon dutse har goma sha ɗaya kafin gari, babu fitila a ko ɗaya. Duk wanda ya tashi a kwarin nan ya san dabara: tun kafin bakin kogo ka rufe ido ɗaya, da ka shiga ka buɗe shi, ya riga ya saba da duhu. Ni na hagu nake rufewa, shekara arba'in. Me Vukota ya sani a nan?

Sai dai na hagun ne ya yi yana tun hunturu. Kamar ana kallo ta cikin madara. Baƙin gilashi ne ya rufa min asiri. Ranar da Milica ta ji, makullin babur ya shiga jakarta, ni kuma na zama kaya a motar mijinta. Gara na mutu.

Talata, 11 ga Yuli

Na gwada rufe na dama, ni kaɗai. Na hagun bai ga bakin titi ba, saura ƙiris na gangara tafki. Na koma yadda na saba.

Alhamis, 13 ga Yuli

Vukota ya yi waya. Wai ranar nan ya lura na zuba gahawa a gefen kofi. Ɗan sa ido. Na ce wa Jelka in ya sake kira ta ce masa idona ba hajarsa ba ce.

Asabar, 15 ga Yuli

Kogo na bakwai. Zafi ya koro shanun maƙwabci ciki, sun kwanta a inuwa yadda suke yi duk bazara. Na buɗe na hagu, madara. Na dama kuwa baƙi ƙirin a bayan gilashi. Jelka ta doki bayana, "Saniya, Radoje, saniya," na kauce, bango ya karɓe mu. Saniyar ko tashi ba ta yi ba.

Jelka ta karye a wuyan hannu. Baƙin tabarau ko ƙwarzane bai yi ba, la'ananne.

Lahadi, 16 ga Yuli

Vukota ne ya kai mu asibiti jiya. Na yi ta jira ya ce ai na faɗa muku, don na samu abin kamawa. Bai ce ba. Ruwa ya miƙo min. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Milica ta tambayi yadda aka yi, uwarta ta ce shanu ne, ba ta ƙara komai ba. Sai da muka dawo gida Jelka ta ce min, "Tun watan Maris nake matse ka a kowace kwanar titi don ka san ta iso. Kai kana tsammanin soyayya ce?"

Asabar, 22 ga Yuli

Jelka ta hau bas zuwa kasuwa. Shekara talatin da takwas tana bayana a babur. Ta ɗauki bokiti ɗaya da hannun mai lafiya, ta ce, "Ina so na ga jikokina sun girma, tsoho." Ban raka ta ba. Ta taga na kalle ta, da na dama. Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan zaga.

Litinin, 24 ga Yuli

Tabarau ruwan ɗorawar nan ba wani abin kirki ba ne. Yana matse hanci, na yi kama da ƙwaro. Saboda iska kawai na sa shi zuwa Nikšić. A kogo na bakwai na ga jan fentin babur ɗina a jikin bango, doguwar ƙarta, daidai inda gwiwar Jelka take zama. Na tsaya. Na daɗe.

A shago na ce wa Vukota ba wurinsa na zo ba, hanya ce ta biyo da ni. Ya ce ya sani, Baba. Wai likitan ido ranar Alhamis, ƙarfe tara, shi zai kai ni a wannan akwatin motar tasa.

Da na dawo na ɗora makullin babur a kan firji. Jelka ta kalle shi, ta kalle ni. Na ce mata faɗowa yake yi daga aljihu.