Shaidar da Na Hana Ka

Zuwa ga aminina Manu,

Aminci ya tabbata gare ka a inda Allah Ya ajiye ka. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba. Ko kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba, sai dai ka juya ta sama ka juya ta ƙasa, ka miƙo mini, ka ce Kaɗo, yadda kuke kiran Bahaushe, ya karanta maka wannan tonon kajin. To yau babu mai karanta maka. Ni kuma na gaji da riƙon maganar a ciki, shekara biyu ke nan tana cina.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Muna nan Nijar, garin nan da ka bar mu. Ƙauyenmu na can yadda muka tsere muka bar shi, sai dai wanda ya leƙa kwanan baya ya ce rufin firamaren da nake koyarwa ya rufta, kuma an ɓalle ƙofofin masallaci. Gonata ta tudu, wadda shanunka ke kwana cikinta duk rani, sabara ta cinye ta. Hanyar Burkusuma zuwa Sabon Birni har yanzu sai wanda ya yi sallama da iyalinsa yake hawanta. Liman ya rasu. Innarka ma ta rasu da daminar bara, tari ne, ba ta daɗe tana jinya ba. Matarka Hajjo da 'yan matanka uku suna cikin bukkar nan ta bayan mahauta. Matar da a da mata ke bi har ruga suna roƙon ta ajiye musu kindirmo, yau surfe take yi gida-gida ana ba ta tsaki.

Ba don wannan na ɗauki alƙalami ba, kai ma ka sani.

Ubanka ya yi kiwon shanun ubana, kai ka yi kiwon nawa. Ba mu taɓa kafa shaida ba, ba mu taɓa rubuta komai ba. In an cire amfani ka sauka gonata, shanu su ci kara su bar mini taki, iyakarta ke nan. Ranar da masu bindiga suka kore garkenka, bijimaina biyu na ciki. Ka zo ƙofar gidana da hannu a kumbure, ka tsuguna, ka kasa ɗaga ido. Na ce maka Allah Ya mayar da alheri. Da baki na faɗa. A zuciya kuwa ina tambayar kaina, yaya aka yi suka san daren da ka sauya makwanta? Mutanen gari na cewa ai danginka ne, harshenku ɗaya, ni kuma na yi shiru na bar maganar ta sami wurin zama a cikina. Sai bayan ka mutu matata Ta'Allah ta ji daga bakin Hajjo cewa kwana biyu ka yi kana bin sawun shanun, kana roƙon su bar maka bijiman amana kawai, su tafi da naka. Gindin bindiga ne ya karya maka hannun. Me ya hana ka faɗa mini? Wannan kunyar taku ta Fulani, wa ta taɓa amfana?

Da 'yan sa-kai suka ƙone rugarku ban je ba. Da masu bindiga suka faɗa wa ƙauyenmu muka tsallako iyaka, ban waiwaya na tambayi inda kake ba. Bayan kwana tara sai ga ka, da jaki ɗaya, da innarka a kansa.

Ka tuna ranar rajista a farfajiyar makarantar garin nan. Ƙa'idar masu rajistar ita ce, duk magidancin da ba ya cikin jerin da maigari ya kawo, sai mutum biyu 'yan garinsu sun miƙe sun ce sun san shi, sannan a rubuta shi ɗan gudun hijira a ba shi kati. Jerin nan ni na rubuta shi da hannuna, tunda ni ne malamin makaranta. Maigari na faɗa ina rubutawa. Da ya tsallake sunanka ban tuna masa ba. Sannan aka zo kanka, jami'in ya tambaya wa ya san wannan. Maigari ya duƙufa yana gyaran bakin rawani. Kai kuwa ba ka dubi kowa ba sai ni. Manu, na ga idonka. Na sunkuyar da kai ina lissafin layukan takarda, sai ka ce ban san adadinsu ba. A lokacin duk wanda aka kira infoma, ko a nan ƙetare, ba ya kwana da tabbas. Tsoro ne, ban musa ba. Amma ba tsoro ne kaɗai ba, har da bijiman nan biyu.

Wannan ka gani da idonka. Ga wanda ba ka sani ba.

Wata biyu bayan haka wata mata ta zo daga wata jami'a ta ƙasar waje, tana binciken yadda ake karɓar waɗanda suka gudo da yadda ya kamata a tsugunar da su. Ba ta jin Hausa, ni ina jin Turanci, sai aka ɗauke ni tafinta. Ni ke zaɓo mata mutane, ni ke juya mata maganarsu. Mace ce mai haƙuri, tana zama a tabarma har ƙafarta ta yi sanyi, tana tambaya tana sake tambaya. Labari ya bazu cewa abin da ta rubuta manya ke karantawa kafin su yanke shawara a kanmu. Kai ma ka ji. Kwana uku a jere kana zuwa ka tsuguna gindin katangar ajin da muke ciki, da malfarka a gwiwa, tun hantsi har la'asar. Rana ta uku ta leƙa ta taga ta tambaye ni wane ne mutumin can, ko yana son magana da ita. Na ce mata ɗan garin nan ne, jiran wani yake yi. Ta kuma tambaya ko akwai makiyaya cikin waɗanda suka gudo. Na ce babu, makiyaya ba sa gudowa, daji suke shiga. Ta rubuta. Ina kallon alƙalaminta yana tafiya.

Da na fito ka miƙe ka gaishe ni, ka tambayi Ta'Allah da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ka ce ko baƙuwar ta sami sarari. Na ce maka ta gaji, sai wani jiƙon. Ka ce babu komai, Allah Ya huta gajiya. Har addu'a ka yi mata.

Babu kati, babu abinci, babu tanti, kuma duk sanda jandarma suka zagayo kai suke fara tsayarwa. Haka ka zauna har aka yi girbi. Daga nan ka ce za ka koma ka nemi ƙanenka wajen Bafarawa, ko yana da ɗan abin da ya rage. An ce tsakanin garin Isa da can aka sauke ka daga bayan ɗan kabu-kabu. Wasu sun ce 'yan sa-kai ne, don sun ga Bafillace. Wasu sun ce masu bindiga ne, don ka ƙi binsu. Har yau ban san wanne ba ne, kuma ban san wa ya yi maka sutura ba. Na dai san wanda ya ɗora ka a kan babur ɗin. Ban je wa Hajjo gaisuwa ba sai bayan kwana bakwai, shi ma daga bakin bukka na tsaya.

Makon jiya matar nan ta dawo. Ta ce al'adar aikinsu ce a koma a karanta wa mutane abin da aka rubuta a kansu. Aka taru, ta buɗe littafin, aka ce in fassara. Ka san me ke ciki? Cewa mutanenmu sun riƙe juna, babu wanda aka bari a baya, kuma hanyar shaidar mutum biyu hanya ce mai kyau da ya kamata a yi koyi da ita a wasu wurare, tunda mutanen ƙauye sun san junansu. Da bakina na juya wannan zuwa Hausa, jama'a na gyaɗa kai, maigari na murmushi. Har sunana ta sa a shafin godiya. Ta nuna mini da yatsa, tana tsammanin zai yi mini daɗi.

Da aka watse na bi ta na faɗa mata komai. Mutumin katanga, da ƙaryar da na yi, da yadda ka ƙare. Ta ce laifin ba nawa ne ni kaɗai ba, ita ma ta yarda da baki ɗaya ba ta nemi na biyu ba. Ta ce za ta gyara a rubutu na gaba, amma kafin ya fito ya kai hannun masu yanke shawara sai a yi shekara ko fiye. Ita ba ta da ikon rubuta sunan kowa a rajista. Na ji haushinta, Manu, har na kusa ɗaga mata murya. Ƙaryata ta yi tafiya har ƙasashen da ban san sunansu ba, gaskiyar kuma sai ta jira layi? Daga baya na ga haushin kaina ne nake neman inda zan sauke. Ihu bayan hari, wa ya kai ni iyawa?

Abin da ya sa maganar ta yi zafi yanzu shi ne, an yanke a kwashe masu kati a kai su wani sabon matsuguni can ciki, nesa da iyaka, inda aka ce akwai rijiya da makaranta da filin noma. Wanda ba shi da kati zai tsaya a nan, inda da dare ake jin ƙarar baburan mutanen nan a ƙetare. Aka ba da rana ɗaya ta ƙarshe don tantance waɗanda aka tsallake, Alhamis ɗin da ta wuce.

Gida goma sha ɗaya na shiga ina neman mutum na biyu. Na je wa waɗanda ka yi wa kiwo, da wanda ka taɓa ɗauko wa matarsa a kan jaki tana naƙuda. Wani ya ce shi bai ƙi ba, amma yana da 'ya'ya. Wani ya ce mini, “Malam, wanga al'amari ba naka ba na, mi kaka nema?” Wani ko tabarma bai shimfiɗa mini ba. Ban zage su ba. Da wane bakin? Abin da suka yi mini shi na koya musu a farfajiyar nan.

Ranar Alhamis Hajjo ta zo da 'yan matan, suka tsaya a rana. Jami'in ya tambaya wa ya san su. Na miƙe. Na ce na san su, na san mijinta, na san ubansa, shekara arba'in rugarsu na bayan gonarmu, kuma su aka fara yi wa ɓarna kafin mu. Na ce ni na rubuta jerin da babu sunansa. Na jira. Babu wanda ya motsa. Jami'in ba mugu ba ne, ya sake tambaya har sau uku, sannan ya ce ƙa'ida mutum biyu ce, ba shi ya kafa ta ba. Abin da zai iya shi ne ya bar takardarsu a buɗe. Duk ranar da aka sami na biyu, mu zo tare, mu biyun, ya rubuta su. Amma in shaidan farko ya bar garin, takardar ta mutu.

Hajjo ba ta dube ni ba. Ta ja hannun ƙaramar suka tafi, kuma ban ga laifinta ba.

Jiya motoci suka zo. Ta'Allah ta tafi da yara. Mun yi faɗa irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ka san masu bindiga sun kashe mata wa, ba ta son jin komai a kan wannan magana, ta ce na zaɓi matacce na bar rayayyu. Wataƙila tana da gaskiya. Amma da za ta hau mota sai ta cusa mini ƙullin gero, ta ce in kai bayan mahauta, kada in ce daga ita ne. Maigari ya aiko a gaya mini cewa ko na biyo su daga baya, in nemi unguwar da za ni zauna, ba tasu ba. Yara a hanya sun fara kirana da sunan nan na infoma da na ji tsoro tun farko. Ashe ana jinsa a kwana, a kuma tashi.

Yanzu ni kaɗai ne a layin tantunan da aka kwashe. Har yanzu mutane na tsallakowa daga wajenmu, duk mako, wani lokaci biyar, wani lokaci ƙauye guda. Ina zuwa bakin tasha in tsaya, duk wanda na ji harshensa na yankinmu ne sai in tambaye shi ko ya san wani Manu mai jan sa, wanda ke sauka tudun gabas da Burkusuma. Wasu sun san ka. Ina ganin haka a fuskarsu kafin su ce a'a.

Ban ce ka yafe mini ba, wannan sai mun haɗu. Za ni tsaya a nan har Allah Ya kawo shaida na biyun. Shekara arba'in kana kwana a gonakin mutane, kana tatsar musu nono, kana mayar musu da dabbobinsu cif-cif. A cikinsu duka mutum ɗaya nake nema, Manu. Ɗaya tak.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta, Ya ba ka maƙwabtan da suka fi mu.

Ni ne Kaɗonka,
Labbo