Haruffa a Rarrabe

Ƙauyen Salby, makon Ista, 1664

Zuwa ga Goggo Hester,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kina lafiya a birnin Norwich.

Goggo, zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: na iya rubutu! Wannan hannuna ne. A makarantarmu karatu kawai aka koya wa mata, wai alƙalami na maza ne. Sai na ɗauki tsohon littafin kalandar Baba, mai faɗin tsayuwar wata da ranakun shan magani, ina kwaikwayon haruffansa a fararen shafukan tsakiya. Gashin dinya na fere, tawada kuma baƙin tukunya ne da ruwa.

Kaka tana lafiya, mata na ta zuwa wurinta neman maganin tari. Kullum da safe sai ta ce, "Ke mai idon mujiya, duba mana mutumin nan marar wando." Hoton cikin kalanda take nufi, mai nuna gaɓar da wata ya sauka a kai, don ba ta yarda a yi tsaga a gaɓar ranar.

Ki huta lafiya.

'Yarki, Tabitha

Norwich, watan Mayu

Tabitha,

Bayan gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Haruffanki kamar na ɗab'i, sun fi na tsohon kurman nan Gilbert, magatakardan cocinku, mai rubutu kamar kaza ta taka laka.

Na nuna wa uwargijiyata, matar mai shagon magani. Yarinya take nema da za ta riƙa rubuta sunayen magunguna a jikin tuluna. Ki zo ranar bikin Mika'ilu, a ƙarshen Satumba, lokacin ɗaukar 'yan aiki. Akwai gado, akwai takarda ta gaske. Amma ki yi shiru, kada kowa ya ji sai na lallashi babanki.

Allah ya tsare.

Goggonki, Hester

Salby, watan Yuli

Goggo, gaisuwa da ladabi.

Wayyo! Ban iya karanta wasiƙarki ba. Ni haruffan littafi na sani, masu tsayuwa ɗaya-ɗaya. Naki duk sun riƙe hannun juna, ko sunana ban gane ba. Na juya ta na juya, daga ƙarshe na kai wa Baba Gilbert bayan ibadar Lahadi, na ce ya karanta min a hankali.

Kin san ba ya jin muryarsa. A ƙofar coci ya buɗe maƙogwaro: "Sun fi na tsohon kurman nan..." Sai ya tsaya. "Wane ne kurman?" Kowa ya fashe da dariya. Ya ci gaba har wurin "kada kowa ya ji". Na so ƙasa ta tsage.

Amma babana bai yi faɗa ba! Ya ce in tafi, har yana nuna wa maƙwabta shafukana. Kaka ta ce, "Shiru-shiru, ashe alƙalami kike ɓoyewa a siket. Tafi mana, in huta da cin burodinki. Amma sai ranar da kalanda ta ce tafiya na da kyau."

Abu ɗaya, Goggo. Shekaranjiya an kawo jariri mai tari, Kaka ta ɗauki cokali ta tsaya. Ta san akwai zuma a maganin, sauran ya ɓace mata. Sai da yamma ta yi ihu, "Dodon koɗi da madara!" Na ruga na rubuta. Ta ce in karanta mata, na karanta. Ta ce, "Ni na faɗi haka? Ashe ina da hankali." Yanzu tana bina da magungunanta in rubuta, har wurin tatsar saniya.

Don Allah ki raba haruffanki. Ki huta lafiya.

Tabitha

Norwich, watan Agusta

Tabitha,

Ga su a rarrabe, yatsuna har ciwo suke. Ki ba Gilbert haƙuri, ko da yake ba zai ji ba. Uwargijiyata ba za ta jira bayan bikin ba, akwai wata yarinya a hannu. Mantuwar Inna, kakarki, ta dame ni, amma irin wannan gurbi ba ya dawowa. Ki hau keken dokin Barnaby mai dako.

Hester

Salby, jajibirin bikin Mika'ilu

Goggo, gaisuwa da ladabi.

Na karanta da kaina, kowace kalma!

Yau da safe Kaka ta ce in duba kalanda. Na faɗa mata gaskiya: rana ce mai kyau ga tafiya. Ta ɗaure min burodi da cuku. Sai ta ce, "Maganin ƙuna fa, kin rubuta?" Ban rubuta ba. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce zai dawo mata.

Barnaby yana ƙofa yana ƙwala kira. Wannan takarda zan miƙa masa, ƙunshina na mayar ƙarƙashin gado. Ki ce a ɗauki waccan yarinyar. In za ki iya, ki aiko min da kalandar baɗi, mai fararen shafuka da yawa don magungunan Kaka.

Ki yafe min.

'Yarki, Tabitha