Laftof ɗin jikana na suma idan na shiga ɗakinsa

Anti Zinatu, ki taimaki tsohuwa. Amma ke da masu karanta filinki ku fara cinko min wannan: mene ne bai taɓa kwamfuta ba, bai san ko harafi ɗaya a cikinta ba, amma kullum yana sumar da ita?

Af, na manta sallama. Assalamu alaikum.

Ina zaune a unguwar Barking, nan ƙasar Turawa, wurin ɗana. Ina da jika, Uwaisu, angona ke nan, ko da yake ango ne marar cefane. Zanen gine-gine yake karantawa, kuma ranar Alhamis ɗin nan zai nuna wa malamansa aikinsa na ƙarshe ta bidiyo daga ɗakinsa. Idan ya faɗi, sai baɗi.

Matsalar laftof ɗinsa ce. Yana cikin juya wani gini a allo, sai ta ƙame ƙam, ba gaba ba baya, sai an kashe ta da ƙarfi. Aikin yini guda ya taɓa tafiya haka. Ya ɗauke ta har Old Kent Road wurin Sualihu mai gyara, mutumin Kumasi. Ta kwana biyu a shagonsa tana aiki kamar baiwar Allah. Ya ce wai kati biyu na hoto gare ta, babba da ƙarami, kuma wajen sauyawa daga wannan zuwa wancan take sanƙarewa. Ni dai katin bas na sani.

To, yaron nan ya lura ba ta suma sai na shiga ɗakin. Da farko daɗi na ji. Na ce masa kwarjini ne, ko kakansa marigayi haka yake yi in na shigo. Har nakan leƙa da gangan in yi gyaran murya. Da Hausa nake tsokanarsa, da Turanci yake fushi.

Anti, me nake yi a ɗakin? Shayi nake kai masa. In kwashe kofuna, in ɗage labule, in kashe makunnan soket ɗin bayan ƙofa, kamar yadda nake bi ɗaki-ɗaki ina yi tun muna Kaduna, tun ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi ta cinye min firiji da rediyo. Ban taɓa ko shafa laftof ɗin ba.

Yanzu wasa ya ƙare. Yaro ya rame, ya daina ce min amarya, har ana shawarar a kai ni Tottenham wurin 'yata sai bayan Alhamis, kamar wata mai mura. Zan tafi in hakan zai cece shi. Amma in na tafi ta sake suma fa, wa za a kora?

Taki,
Tsohuwa mai kwarjini, Barking

Wa alaikumus salam, Hajiya.

Ki kwance jakarki, ba inda za ki.

Sualihu ya yi gaskiya. Irin wannan laftof, idan tana kan caji, babban katin ke ɗaukar aikin zane. Da zarar wuta ta yanke, sai ta miƙa wa ƙaramin don batir ya daɗe. A wajen miƙawar take tuntuɓe. Ba ta yi a shago ba saboda can ba wanda ya raba ta da wuta.

Uwaisu yana da hujjar fushi, shekararsa ce ke cikin haɗari. Amma lafiyayyar laftof ba ta suma don an cire caji, kuma wanda ke zana bene ya kamata ya san inda wayar cajarsa ta ƙare.

Ga abin da zai yi yau, kada ya bari sai Laraba. Ya fara kwafe aikinsa a wani wuri. Ya sabunta direbobin katunan biyu, wato manhajojin da ke tafiyar da su, daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Sannan a saitin hoto ya ɗaure manhajar zanensa a kan babban kati, ko da caji ko babu. In injin ya yarda, ya kashe sauyawar gaba ɗaya har bayan jarrabawa. Ya kunna ajiya ta atomatik. Daga nan ya gwada: ya buɗe zane, ke kuma ki kashe soket yana kallo. In ta sake ƙamewa, ya manna salatif a kan makunnin, ya koma wa Sualihu bayan Alhamis.

Ke kuma, Hajiya, taka-tsantsan ɗinki ya yi rana a Kaduna. A ɗakin Uwaisu dai ki ba shi hutu. Shayin kada ki fasa.

Allah ya ba angonki sa'a, ya bar mana ke da tsokanarki. Abin da ke sumar da laftof ɗin kuwa, yatsanki ne a kan makunnin bayan ƙofa.

Anti Zinatu