Tambayata a Bakin Sani

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Jiya a gidan abinci a unguwar Xiaobei a nan China, 'yan kasuwar Kano suka nuna min bidiyon Sani ɗan Kawu a majalisar jiha. Ya tsare kwamishinan lafiya da tambaya: me ya sa asibitin garinmu ba likita? Har tafi suke, wai jarumi! Ni fa na zayyana masa matsalar nan a waya. Shi babbar riga da jiniya, ni fama da karatun likita a ƙasar mutane.

Ki gaida Inna. Ta rage yabon Sani, ta sa ni a addu'a. Likitan da yake nema ni ne.

Ƙaninki,
Bashir