Hannu a Bayan Bahijja

Zuwa ga Inna, Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya 'yata Bahijja? Ni lafiya lau, sai sanyin Turkiyya, shi ma na fara sabawa.

Kin tambayi aikina. Makarantar yara mata ce ta koyon wata rawar Turawa, wai ita bale, amma kada ki faɗa wa Baba tukuna. Kafin su tashi rawa sai sun zauna a ƙasa, su haɗa tafin ƙafa, su buɗe gwiwoyi kamar kwaɗi, don cinya ta saba juyawa waje. Ni ke bin su ina dafa bayansu har ya miƙe, kamar yadda kike miƙe wa jarirai gaɓoɓi bayan wanka. Jiya bakina ya suɓuce na kira wata Bahijja. Na ce musu mura ce ta sa idona ruwa.

A bidiyon da autanki Suhaibu ya turo na ga Bahijja tana zama a rankwafe. Don Allah ki ɗora tafinki a tsakiyar bayanta har ta miƙe. Ki ce mata hannuna ne.

Allah Ya bar mana ke.

'Yarki,
Juwairiyya