Bangon Ɗakin Inna

Ƙanena Sadiku,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane, ya Amina da jinjiri? Mu nan Kusfa sai godiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Bangon ɗakin Inna ya zube a ruwan Laraba. Na zaci maƙwabta za su yi gayya a tayar kamar kullum, amma ba wanda ya leƙo. Ashe Kawu Bala ne ya juya lissafin alawus ɗinka na binciken digirin dakta zuwa naira, ya shelanta a zaure. Da na sami Malam Idi magini, dariya ya yi: "Hajiya, uwar mai cin dala za mu yi wa ginin ƙasa? Ai sai bulo!"

Ni da Inna kaɗai muka san hayar gidanka a can ke lashe kuɗin nan. Inna ta hana ni magana, wai kada in zubar maka da mutunci, ga hadari kullum sai ya haɗo.

Ka gaida Amina, ku sa mu a addu'a. Don Allah ka kira Inna yau, ta bari in faɗi gaskiya. Mutuncinka ba zai tare mata ruwa ba.

Yayarka,
Hadiza